Manomi Mai Hannun Kyauta da Ƙwayoyi Uku

Akwai wani mutum, manomi ne, wanda bai iya cewa babu ba. In ka nemi aron garmarsa zai haɗa maka da jaki, in ka roƙi irin dawa mudu ɗaya zai auna biyu. Matarsa takan ce da ana aron kai, da tuni mijinta yana yawo da wuya kawai.

Wata shekara ambaliya ta cinye gonar shinkafarsa, shi kansa da ƙyar ya tsira. Tun daga ranar barci ya ƙaurace masa. Ya rame, idanunsa suka faɗa. Da abin ya yi tsanani sai ya tafi asibiti. Likita ya auna shi, ya yi masa tambayoyi, sa'an nan ya rubuta masa maganin barci mai ƙarfi, irin wanda ake kullewa a kabad, ba a ba kowa sai da takardar likita.

Likita ya ce, "Baba, ƙwaya goma ce. Ɗaya za ka sha in za ka kwanta, ba biyu ba. Kada ta haɗu da giya, kada ka hau babur bayan ka sha. In ta kusa ƙarewa ka dawo in gan ka. Kuma taka ce kai kaɗai, ko matarka kada ka ba ta."

Manomi ya bi umarnin, barci ya komo, ya yi godiya ga Ubangiji.

To, yana da wani maƙwabci, ƙaton mutum mai fama da ciwon ƙirji, wanda shi ma barci ya guje shi tun da ɗansa ya bar gida ba labari. Ranar da za a yi gayya a gonar wani dattijo, maƙwabcin ya tare shi a hanya.

Ya ce, "Baban Godiya, na ga ka murmure. Ɗan sam mini abin da likita ya ba ka mana, ko ni ma na runtsa."

Manomi ya tuna da maganar likita. Amma ya dubi jajayen idanun maƙwabcinsa, tausayi ya kama shi, ga kuma kunyar hanawa. Ya koma ɗaki ya ɓallo uku ya ba shi. Gargaɗin kuwa bai ba shi ko ɗaya ba.

Aka yi gayya, aka ci tuwo, masu shan burukutu suka sha, maƙwabcin kuwa ba a bar shi a baya ba. Da la'asar ya koma gida ya dubi ƙwayoyin nan ƙanana, ya ce a ransa guda ɗaya me za ta yi wa mai jiki irin nasa. Ya watsa duka ukun a baki, ya kwanta a gindin tsamiya.

Kafin faɗuwar rana matarsa ta zo tashinsa, ya ƙi tashi. Ta girgiza shi, ta yayyafa masa ruwa, ko motsi. Numfashinsa yana fita da ƙyar, da nisa tsakanin wannan da wancan. Mutane suka taru, manomi yana cikinsu.

Wani ya yi dariya ya ce, "Burukutu ce kawai. Ku ƙyale shi, da safe zai nemi kunu."

Jama'a suka fara watsewa. Manomi kuwa ya tsaya, gama shi kaɗai ya san ba burukutu ce kawai ba. In ya yi shiru ba wanda zai zarge shi. In ya yi magana, gari duka zai ji cewa mai hannun kyauta ne ya jawo wannan. Tsoro ya kama shi ƙwarai. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ya ce, "Ku dawo, 'yan'uwa. Ni na ba shi maganin barcina, ƙwaya uku. In muka bar shi a nan ba zai kai safe ba."

Suka sa shi a mota zuwa asibiti, manomi yana riƙe da kwalin maganin. Likita ya karanta kwalin, ya tambayi nawa aka sha, da me aka haɗa, nan da nan ya san abin yi. Da gari ya waye maƙwabcin ya buɗe ido, ya dubi kowa, ya tambaya wa ya ɗauke masa hula. Matarsa ta fashe da kuka da dariya a haɗe. Manomi ya zauna a ƙasa cike da murna.

Likita ya ce masa, "Baba, kyautarka ta kusa kashe shi, gaskiyarka ta cece shi. Gobe in ya ce ba ya barci, kawo mini shi."

Ma'anar misalin nan, ƙaunatattu, ita ce wannan. Maganin baiwa ce daga Allah ta hannun likita, amma an auna ta ga jiki ɗaya. Abin da ya ba manomi hutawa shi ya kusa kai maƙwabcinsa kabari. Na san mu, muna raba magani kamar yadda muke raba gishiri, muna kuma kiransa zumunci. Ku ba da dawa, ku ba da aron garma, amma maganin da aka rubuta da sunanku ba na kyauta ba ne. Ɗan'uwan da ya kasa barci, ku raka shi wurin likita, ku zauna ku ji abin da ke cin zuciyarsa, ku yi addu'a tare da shi.

In kuwa kun riga kun yi kuskure, kada kunya ta rufe muku baki. Ubangiji yana gafarta wa mai furta laifinsa. Manomin ya sha kunya ta yini ɗaya, amma har yau yana da maƙwabcin da zai gaisa da shi kowace safiya.