Yadda Kurege Ya Sayar da Karatun Malama Dorina

Ga wata nan ta taho a guje, ku matsa ku ba ta wurin zama.

A wani daji mai kogi a tsakiyarsa, akwai makarantar da ake kira Jami'ar Gindin Kuka. Shugabanta Toron Giwa ne, wanda bai taɓa koya wa kowa ko baƙi ɗaya ba, amma shi ke zama a inuwar da ta fi sanyi. Cikin malamai kuwa ba wanda ya kai Malama Dorina suna, don ita ke koyar da tsallake kogi: ina ne mashigi, ina ne zurfi, ina yashi ke haɗiye ƙafa.

Wata shekara jami'a ta fito da sabon salo, wai karatu daga nesa. Aka samo Aku aka ɗora a reshe, duk abin da Malama ta faɗa ya haddace, har da tarinta. Sai ya tashi ya kai wa ɗaliban da ke nesa, su kuma su aiko da gyaɗa da dawa. Rumbu na fara cika, rigima ta tashi.

Toro ya ce, "Karatun na jami'a ne! A inuwar kukata aka yi shi, kuma geron jami'a Aku ya ci."

Malama Dorina ta ce, "Inuwar ce ta shiga laka? Ni na taka kogin nan da ƙafata, daga bakina karatun ya fito."

Aka rasa mai raba su. Aka kulle Aku a keji, aka ce ba zai ƙara tashi ba sai an san mai karatun.

Ana haka sai ga Kurege, yunwa ta manne masa ciki da baya, raminsa ba ko ɓawon gyaɗa. Ya laɓe ya ji komai, ya lashe baki.

Ya ce, "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ni ne Kurege, ƙaramar ƙaya mai gurgunta giwa! Ba na noma, ba na roƙo, amma ba a rufe rumbu ban ɗanɗana ba."

Ya samo tsohon buhun gawayi ya yafa, ya ɗora audugar rimi a ka, ya cusa wutsiyarsa cikin buhun, ya nufi Toro yana tafiya da ƙasaita.

"Ranka ya daɗe, ni ne babban lauyan da ya yi wa Zaki shari'a da inuwarsa, kuma ya ci. Na ji wata mai ƙaton baki na jayayya da kai. A dokar daji, duk abin da aka faɗa a ƙarƙashin itace na mai itacen ne. Ko atishawa ta yi, taka ce."

Toro ya kaɗa kunne don daɗi. "Haka nake gaya musu! Ni ma na san doka, lokaci ne ban samu ba."

"Ai da gani an san kai masani ne. Sai dai kada a bar Aku a nan, ta sace shi. A ba wani talaka amanarsa. Akwai wani Kurege a bakin ƙorama, wawa ne, ko ƙarya bai iya ba."

Toro ya amince, ya sa aka cika wa lauya kwando da gyaɗa.

Da gari ya waye, Kurege ya yar da buhu, ya kafa jar hula, ya rataya usur a wuya, ya tarar da Malama Dorina kwance a taɓo tana huci.

"Allah ya gafarta Malama! Ni ne shugaban ƙungiyar malamai ta dazuzzuka duka. Har yaushe za ki riƙa shan laka wani na shan inuwa? Yajin aiki za mu shiga. Kada ki ƙara buɗe baki, kada ki ƙara taka kogi, sai an ce karatu naki ne."

Malama ta ce, "Dama na daɗe ina tunanin haka. To Akun fa? Yana hannun wancan mai hancin."

"A ba ɗan ba-ruwanmu ajiya. Kin san Kuregen bakin ƙorama? Bawan Allah ne, ko kaza ba ta gudunsa."

Ita ma ta amince, ta ba shi dankali ya tafi da shi, wai gudummawar ƙungiya.

Da gari ya waye, aka aika a kira Kurege. Ya zo ba hula ba buhu, yana sunkuyar da kai, yana cewa shi bai isa ba, amanar manya nauyi gare ta. Sai da aka lallashe shi ya karɓi kejin. Yana shan kwana ya daka tsalle.

"Manyan kawuna, ƙananan dabaru! Ɗaya na da kuka, ɗaya na da baki, ni kuwa ina da Aku."

Ya wuce kasuwa kai tsaye, ya share gindin wata tsamiya, ya ce ya buɗe Jami'ar Farfesa Kurege. Ya koya wa Aku ya riƙa farawa da cewa, "Wannan karatu mallakar Farfesa ne shi kaɗai, wanda ya maimaita shi ba izini ya ci haram." Daga nan sai muryar Malama Dorina ta biyo baya, ƙatuwa kamar ana buga ganga.

Bushiya ta ce, "Farfesa, ya muryarka siririya, ta karatun kuma ƙatuwa?"

Ya ce, "Jahilci ciwo ne, 'yar uwa. Ilimi ke kumbura murya. Wannan ta kasuwa ce nake miki magana da ita."

Aka yi ta kawo gyaɗa. Kurege ya ci har wuyansa ya ɓace.

Ana nan sai ga Gwanki, saurayi mai dogon ƙaho, idanunsa sun faɗa don bege. Budurwarsa na ƙetaren kogi, tun da ruwa ya kawo bai ji muryarta ba, sai dai ya tsaya a gaɓa ta ɗago masa hannu daga nesa. Yana so gwaggonninsa su kai lefe kafin wani ya riga shi.

Ya ce, "Farfesa, aurena zan ɗora a kan karatun nan. Naka ne da gaske?"

Kurege ya hau kan keji don duk kasuwa ta ji. "Nawa ne daga kai har wutsiya! Ni na auna kogin nan taki-taki. Kifi ma wurina yake tambayar hanya."

Aku ya karanto: "Ku shiga daga gindin ɓaure, ku nufi farin dutse. Ruwa iya gwiwa."

Abin da Kurege bai sani ba, kogi ba ya kwana inda ya wuni. Duk damina yashi na tashi, mashigi ya koma wani wuri, shi ya sa Malama ke sake shiga ta taka da ƙafa ta gyara karatunta. Bana kuwa tana yajin aikin da shi ya sa ta.

Da gari ya waye, gwaggonnin Gwanki suka ɗauki akwatuna a ka, suna guɗa, suka shiga daga gindin ɓaure. Ba su yi nisa ba guɗa ta koma ihu. Tsundum! Sai ƙahonni kawai ake gani. Da ƙyar suka fito suna aman ruwa, atamfofi da turare kuwa sun bi kogi sun tafi kai wa kifaye lefe.

Aka damƙo Kurege aka yi Gindin Kuka da shi. Babbar gwaggon, ruwa na ɗiga daga ɗankwalinta, ta ce, "Mai karatun nan shi zai biya lefen ɗanmu. Na wane ne?"

Toro ya yi tari. "To, ai jami'a inuwa kawai ta bayar. Daga bakin Malama ya fito, kowa shaida ne."

Malama Dorina ta zabura. "A'a, ranka ya daɗe, ai ko atishawata taka ce! Wannan karatun bara ne, na bar maka har da tarin."

"Ban karɓa ba!"

"Ni ma na yafe!"

Abin da suka yi ta faɗa a kai kamar za su cinye juna, yanzu kowa na tura wa ɗan uwansa kamar garwashi.

Gwanki ya ce, "Ku daina wahala. Ga wanda ya rantse a gaban kasuwa cewa nasa ne."

Kurege ya ga ba wurin ɓuya, ya gyara murya. "Jama'a, a dokar daji..."

Toro ya miƙe kunne. "Wannan ai muryar lauyana ce."

Malama ta ce, "Lauyan wa? Shugaban ƙungiyarmu ne!"

Gwaggo ta ce, "Ko uban wa ne shi, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Farfesa, zo ka nuna mana ruwa iya gwiwa."

Suka kai shi gindin ɓaure. Gwaggo ta ba shi kofato, Malama ta ƙara masa da goshi, Toro ya naɗe shi da hanci ya wulwula ya jefa tsakiyar kogi. Ruwa ya yi ta buga shi da duwatsu, ya sha ya ƙoshi, har wata igiya ta tofar da shi a ɗaya gaɓar, ido a kumbure, wutsiya kamar tsohuwar tsintsiya.

Ya miƙe yana ɗingishi, ya waiwaya. A can ƙetare har Toro da Malama sun kaure da sabuwar gardama a kan wa zai mallaki karatun bana, wanda ba a ma yi ba tukuna.

Kurege ya tofar da yashi ya ɗaga murya. "Kun gani? Na tsallake ko ban tsallake ba? Wannan sabon salo ne, kuma nawa ne ni kaɗai! Mai so ya kawo gyaɗa!"

Gwanki ya ɗauki dutse. Kurege bai tsaya jin farashi ba, ya faɗa ciyawa.

Nan ta tsaya, ƙurunƙus. Wanda ya ce tasa ce, ya zo ya biya lefe.