Tumakin Waziri Ɗalhatu a Fadamar Marke

An yi wani sarki a ƙasar Marke, ana ce masa Zubairu, wanda ya ga fadamar garinsa tana ƙarewa saboda yawan kiwo, sai ya raba ta kashi uku, ya yi doka cewa kowace shekara a bar kashi ɗaya ya huta, kada kofato ya taka shi har ciyawa ta zubar da iri. Wanda ya rubuta dokar da hannunsa, ya kuma karanta ta a ƙofar fada, shi ne Waziri Ɗalhatu, mutum mai ilimi da fasaha, wanda ba a taɓa jin wani aibu a kansa ba.

A shekara ta huɗu damina ta yi jinkiri. Waziri kuwa yana da tumaki kusan ɗari uku, ya ga suna ramewa har ana ƙidaya haƙarƙarinsu, zuciyarsa ta raya masa cewa kwana biyu ba za su ɓata komai ba. Ya sa aka kora su cikin kashin da aka hana. Kwana biyu suka zama goma. Da labari ya kai fada cewa an cinye wurin ƙarƙaf, dogarai suka kamo wani tsohon makiyayi mai suna Dotti, don rugarsa ce mafi kusa.

Sarki ya ce, "Waziri, kai ka rubuta dokar nan, kai za ka yi mana hukunci. Idan laifin ya tabbata a kansa, a kore shi da shanunsa daga ƙasata."

Waziri ya sunkuyar da kai. Ya dubi tsohon nan durƙushe, rigarsa ta yage wurin jan dogarai, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Duk da haka ya daure ya ce, "Dattijo, me za ka ce?"

Dotti ya ce, "Allah ya ba sarki nasara, ni ban iya maganar fada ba. A zo mu je a ga ciyawar."

Aka fita har da sarki. Da suka isa, Dotti ya tsuguna ya shafa ƙasa da tafin hannu, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, saniya da harshe take naɗe ciyawa ta fizga, sai ta bar kututture tsawon yatsu uku, wanda in ruwa ya sauka yake tohowa. Tunkiya kuwa da haƙori take datsewa har saiwa. Dubi nan, ko tsinke babu. Ni shanu gare ni, ban taɓa ajiye tunkiya ba."

Fadawa suka dubi juna, domin babu wanda bai san mai garken da zai iya wannan aiki ba. Sarki ya ce, "To, tumakin wa ne?"

Dotti ya ce, "Na gan su da idona, ranka ya daɗe. Amma mai su mutum ne mai mutunci, na fi son ya faɗa da bakinsa, don in ni na faɗa, ba zai ƙara iya ɗaga kai a garin nan ba."

Wannan sutura ta fi bulala zafi ga Waziri. Mutumin da ya yi niyyar bari a kora a madadinsa, shi ne yake rufa masa asiri. Ya cire rawaninsa, ya ajiye a gaban sarki, ya ce, "Nawa ne. Ni na rubuta, ni na karya, na kuma zauna a kujerar shari'a ina tambayar marar laifi. Ban cancanci wannan rawani ba."

Sarki ya juya ga Dotti ya ce, "Kai aka zalunta. Me kake so a yi masa?"

Dotti ya ce, "Korarsa ba za ta tsirar da ciyawa ba. A tara irin gamba, ya watsa shi da hannunsa a ruwan farko, a rufe wurin damina biyu. Tumakin kuwa ya ɗaure su a gida, ya ciyar da su da harawa da dusa."

Sarki ya zartar da haka. Ya ba Dotti riga da bijimi, ya ɗora shi a kan kula da fadamar duka, ya kuma hana Waziri zama a majalisa har sai gamba ta kai ƙugu.

Waziri ya yi damina biyu yana aiki cikin laka, masu wucewa suna kau da kai don kunyarsa, shi kuma bai taɓa ɗagowa ya dube su ba. Ranar da aka mai da shi kujerarsa, kafin ya zauna sai da ya je ya gai da Dotti a gaban jama'a.

Ku sani, ya ku masu hankali, doka ba ta tsayawa a kan talakawa sai ta fara tsayawa a kan wanda ya rubuta ta.