Kurege da Kofaton Barewa

Ga ta nan ta taso, ku gyara zama.

A wani gandun daji da hukuma ta killace, shekara uku ke nan damina na yi wa dabbobi rowa. Ruwa ya zo a makare, ya ɗauke da wuri. Ciyawa ta ƙone, ɓauna da gwanki suka yi ƙaura, 'yan barewar da suka rage kuma mafarauta suka bi ta bayan fage suka kwashe. Tafki ɗaya tal ya saura, da wata kanya a bakinsa. Nan Zaki ya tare, haƙarƙari duk a waje, yana jiran mai zuwa shan ruwa. Yunwa ta kai shi har fara yake kamawa, abin kunya.

To, akwai Kurege, ɗan firit da shi, baki ya fi jiki. Kanyar nan yake so, ruwan nan yake so, amma ya san loma ɗaya Zaki zai yi da shi. Rannan yana yawo sai ya tsinci busasshiyar ƙafar barewa inda mafarauta suka yi fiɗa. Ya daka tsalle ya ce, "Yau na zama mai garke!"

Da gari ya waye, ya bi ƙasa yana danna kofaton, tun daga bayan geza har gindin dutse mai nisa. Sannan ya tsaya daga nesa ya ɗaga murya.

"Ranka ya daɗe, manyan dawa! Ni ne Sarkin Sawu. Barewa ko a iska ta taka, sai na gano ta. Taso ka gani."

Zaki ya zo ya shinshina, ya ji ƙanshin da ya daɗe bai ji ba, ya bi sawu yana tangaɗi. Kurege kuwa ya haye kanya ya ci har ciki ya zama tulu, ya sha ruwa, har da wanka.

Da yamma Zaki ya dawo yana haki. "Ban gan ta ba."

"Makara ka yi, ranka ya daɗe. Gobe ka yi sammako."

Kwana uku ana haka, yau gabas, gobe yamma, Kurege har ya fara ƙiba.

Da gari ya waye a rana ta huɗu, sai ga Damisa ta sauko daga dutse, don maɓuɓɓugarta ta ƙafe, ta iske Zaki da Kurege a bakin tafki. Kurege ya cusa kofaton ƙarƙashin wutsiyarsa ya ce, "Sannu da zuwa, Gwaggo! Kin zo a sa'a, ga sawu ɗanye."

Damisa ta duƙa ta duba. "Sarkin Sawu, barewar taka ƙafa ɗaya gare ta? Kuma tun yaushe barewa ke sharar ƙasa da wutsiya a bayanta?"

"Barewar zamani ce, Gwaggo. Zafin nan ba abin da bai canja ba."

Yana faɗa yana karkaɗa wutsiya don yanga, sai kofato ya faɗo tim a gaban Zaki. Damisa ta kai cafka. Kurege ya faɗa rami, rabin wutsiyarsa na hannunta.

Daga cikin rami ya ce, "Ku raba ta biyu, kyauta na ba ku! Ƙarya dai na yi, amma ni na hana ruwa sauka? Ni na kwashe muku garke?"

Zaki ya juya ya ba ramin baya.

Da gari ya waye, Kurege ya leƙo. Damisa ta yi gaba. Zaki kuwa yana can bayan geza, kwance kan sawun ƙaryar nan yana shinshinawa. Ya san na ƙarya ne, amma duk faɗin gandun ba wani sawun barewa sai shi.

Tausayi ya kama Kurege. Sannan ya lura ba kowa a gindin kanya, ya ɗage guntuwar wutsiyarsa ya zura da gudu.

Ƙurunƙus, kan kurege mai rabin wutsiya.