Kurege da Layin Tsakar Ɗaki

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne!

Ta zo mu ji ta, Kaka.

An yi wani Kurege da wata Bushiya, suka haɗu suka gina ɗaki ɗaya. Wato Bushiya ta kwaɓa ƙasa, ta ɗora azara, shi kuma Kurege ya taimaka da shawara. Da aka gama, sai ya ɗauki gawayi ya ja layi a tsakar ɗakin.

Ya ce, "Ƙanwata, nan nawa, can naki. Kowa ya ji da ɓangarensa."

Ya jibge buhunan gyaɗarsa, ya miƙe ƙafa. Kai, yara, akwai mai adalci irin wannan?

Ran nan Bushiya ta ce, "Yaya, zo mu yi shara."

Ya ce, "Ba ɓangarena ba ne."

Damina ta matso, Bushiya ta ce, "Yaya, zo mu yaɓe rufi."

Ya ce, "Inda ke yoyo ba ɓangarena ba ne."

Ran nan kuma ta ga gara ta kama azara. Ta ce, "Yaya, azarar nan fa guda ce, ita ke riƙe da rufinmu duka."

Gwanin ya ɗaga kai ya duba, ya ce, "Ta wajenki ta shigo. Ba ɓangarena ba ne."

Bushiya ta shiga daji. Ta saro itace mai gwafa ta tokare nata gefen. Ita kuwa gara, baiwar Allah, ba wanda ya karanta mata dokar layi, sai ta tsallaka abinta.

Wata rana da azahar aka tsuge da ruwa. Rufin Kurege ya rufto, ya danne shi da gyaɗarsa. Wutsiyarsa ce kaɗai ta leƙo, ta ƙetare layi.

Ya ce, "Ƙanwata, jawo ni! Ai ɗakinmu ɗaya!"

Bushiya ta duba layi da kyau, ta ce, "Yaya, wutsiyarka ce kawai a ɓangarena."

Ta ɗauko tsintsiya ta kakkaɓe wutsiyar tas, ta taje ta, ta koma ta kwanta. Shi ya tone kansa da farce, ya fito ya tarar gyaɗa ta jiƙe ta lalace.

Shi ya sa har yau za ku ga kurege jiki duk ƙura, wutsiya fes. Ku da kuke kwana ɗaki ɗaya kuna faɗa kan wa zai yi shara, ku riƙa ɗaga kai kuna duban azara.

Ƙurunƙus, kan kurege mai ƙura!