Zumar Barcin Ɗan Kurege

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Matar Kurege ce ta haifi ɗa mai rigima. Da zarar ya soma kuka, sai ta dangwalo zuma ta lasa masa, ya yi barci da zaƙin a baki. Ran nan tsoho Kunkuru ya zo wucewa ya gani.

Ya ce, "'Yata, ɗaga leɓensa mu gani."

Ta ɗaga, sai ga ɗigon baƙi a sabon haƙori. Ta ce, "Na shiga uku, Baba! Kurege ba haƙori, da me zai fasa gyaɗa?"

Kunkuru ya wangale bakinsa, dasashi zalla. Ya ce, "Da zumar nan aka rene ni. Ki daina. In ya ci abinci, ki goge masa haƙora da tsumma mai tsabta."

Yaro ya yi ta tsala ihu, uwa ta daure. Ya girma har goruba yake gwaguya. Duk gyaɗar da ya samo kuwa, sai ya daka rabi ta yi laushi, ya kai wa Kunkuru ya ce, "Kaka, ga rabonka, ba sai ka tauna ba."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, kowa ya tashi ya wanke baki!