Sha Huɗu Sau Shida

Akwai wata malama a wata firamare da ke gefen Goronyo, ana ce mata Malama Uwaliya. Jama'a, ku gyara zama, don labarin nan ni kaina ya yi mini daɗi ba kaɗan ba.

Aji huɗu take koyarwa, kuma kusan duk 'yan ajinta 'ya'yan manoman rani ne. Tun da ruwan dam ya wadata, yaro kan san dashen albasa kafin ya san riƙon fensir. Sai ta ɗauki wata al'ada. Kullum da safe takan rubuta lissafin sau guda ɗaya tak a allo, ta zana fangalin albasa da layukansa, ta ce kowa ya yi tunani. Wanda ya ba da amsa, daidai ko kuskure, sai ta tambaye shi yadda aka yi ya samu. Minti goma ake wannan hira, ajin ya kaure da musu.

Hedimasta Malam Junaidu ya tsani abin nan. Shi ɗan gidan malamai ne, bai taɓa taka laka ba, kuma shi ke koyar da ɗaya ajin huɗun. A wurinsa lissafin sau waƙa ce, a rera teburin da ke bayan littafin rubutu daga ɗaya zuwa sha biyu, wanda ya yi tuntuɓe ya sha bulala. Ya ce ajin Uwaliya ya zama kasuwar albasa. Girman kai dai rawanin tsiya ne.

Ya gayyato mai duba makarantu, wani dattijo Malam Abdulƙadiri, ya ce a gwada ajujuwan biyu ranar Alhamis. Idan ajinta ya faɗi, hirar ta mutu, kuma za a karɓe ajin daga hannunta. Uwaliya ta ji tsoro ƙwarai, amma ta ce Allah ya kai mu.

Ranar Alhamis aka tara yara ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Aka fara da waƙar teburi. Kai! 'Yan ajin hedimasta suka rera har makaranta na amsawa. 'Yan ajin Uwaliya kuwa suka yi ta karo da juna, wani na bakwai wani na takwas. Malam Junaidu har da gyara hula.

Sai dattijon ya ce to waƙa ta isa, yanzu tambaya ɗaya ce: sha huɗu sau shida.

Ajin hedimasta ya yi tsit. Leɓuna na motsi, an faro daga shida sau ɗaya, an zo sha biyu, hanya ta ƙare. Malam Junaidu ya yi wuf ya ce ai wannan babu shi a bayan littafi. Dattijon ya ce ya sani.

Can wata yarinya Mairo, 'yar ajin Uwaliya, ta ɗaga hannu ta ce saba'in da huɗu.

Hedimasta ya tuntsire da dariya, ya ce shi ke nan an gama, kowa ya ji kuskure da kunnensa. Amma Uwaliya ta roƙi dattijon ya bar ta ta yi tambayar da take yi kullum.

"Mairo, ƙaƙa kinka samu?"

Mairo ta tsuguna ta zana fangali a ƙasa da yatsa. "Malama, layi sha huɗu na, ko wane da albasa shidda. Na ɗebe layi goma, sittin ke nan. Saura layi huɗu, ashirin da huɗu. In an gama su..." Sai ta zaro ido. "A'a, Malama, goma ta ɓace man. Tamanin da huɗu na!"

Wallahi wurin ya ɗauki tafi. Kafin a ce me, hannuwa sun tashi ko'ina, yara na ɗage kan yatsun ƙafa. Wani ɗan ajinsu, Isa, ya ce shi raba fangalin ya yi gida biyu, layi bakwai bakwai, arba'in da biyu sau biyu. Lawwali ya ce shi layi sha biyar ya dasa, casa'in, sannan ya tuge layi ɗaya. Har wani ɗan ajin hedimasta ya manta a gefen da yake, ya tsallako yana leƙen zanen.

Malam Abdulƙadiri ya yi ta murmushi. Ya ce yaron da zai kama kuskurensa da kansa ya fi masa mai waƙa goma. Ya yanke cewa aji na nan hannun Uwaliya, hira kuma ta ci gaba.

Kowa ya zuba wa hedimasta ido, ana jiran ya yi fushi ya shige ofis. Ya daɗe yana kallon zanen da ke ƙasa. Sannan ya ce, a gaban yara da malamai:

"Shekara ashirin da ukku ina koyarwa. Da ajina na, da Mairo ta sha bulala tun ga saba'in da huɗu, ban ji sauran ba. Malama, ran Litinin ina kawo ɗiyan ajina. Ni ma a aje man benci."

Darasi: Kada ka yanke wa yaro hukunci da amsarsa ta farko. Ka yi haƙuri ka tambaye shi yadda ya yi, sau da yawa gyaran yana bakinsa. Kuma komai daɗewarka a aiki, kada girman kai ya hana ka koyo wurin na ƙasa da kai. Ku tura wa malamai da iyayen da kuka sani, Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka.