Kaguwa da Masu Gidan Gilashi

An ce a wani gari na bakin teku an yi Sarki Jatau, wanda ya yi niyyar korar jikansa Nomau. Dalili kuwa, masanin fada ya gwada yaron da igiya, ya ce gajarta irin wannan ba ta gidan sarauta ba ce. Kaguwa, tsohuwar mai ba Sarki shawara, ta ji abin ya ba ta haushi ƙwarai, don ita ta san yaron tun yana rarrafe. Ta harari masanin, ta nemi izinin ba da labari. Sarki ya ce ta faɗi.

Ta ce a cikin laka ta ƙarƙashin teku akwai tsirrai ƙanana da ido ba ya gani, kowane yana zaune cikin gidan gilashi mai gindi da murfi, kamar batta. Wani Malam Kwasau ya kwaso su, ya wanke su har suka mutu, ya zauna da madubin ƙara girma yana raba ɓawonsu dangi dangi. Masu siffar da'ira gefe guda, dogaye masu tsaga a ciki gefe guda. Nan dai ya yi daidai. Sai ilimin ya hau masa kai, ya ware manya daga ƙanana, ya raɗa wa ƙananan sabon suna, wai baƙi ne. Wani dodon-koɗi yana kallo, ya ce, "Malam, ka taɓa ganin ɗayansu da rai kuwa? Saurara ka ji."

Dodon-koɗi ya ce wata uwa cikinsu ta tashi haihuwa, sai ta rabu biyu, da ma haka suke yi. 'Ya ɗaya ta ɗauki murfi, ɗaya ta ɗauki gindi. Mai gindi ta mai da shi murfi, ta gina sabon gindi a cikinsa, dole ta fi uwarta ƙanƙanta. 'Yarta ma haka, jikarta ma haka. Ya ce, "Wadda ka kira baƙuwa, gilashin kakarta ne a kanta. Kai dai ka iya awon gawa."

Kaguwa ta juyo ta ce, "Ranka ya daɗe, Kwasau ɓawo ya wulaƙanta. Naka masanin, ɗan mutum yake so ka jefar. In igiya ce shaida, a ɗauko rigar kakanka."

Masanin ya fara kame-kame, wai ai riga ba hujja ba ce. Sarki ya sa aka ɗauko, ya saka. Hannayensa suka ɓace a ciki, bakinta yana share ƙasa. Kunya ta rufe Sarki.

Can ya ce, "Na ji, Kaguwa. A kira mini Nomau. In gajarta ce laifi, ni ya kamata a fara kora."